Injin da ke faɗin ciwonsa tun bai kwanta ba: ƙirƙirarriyar basira da sabon salon gyara

Jama'a masu sauraro da masu karanta mu, na gida Damagaram da 'yan uwa da ke Kano, Kwatano, Aljeriya, Libiya ko Turai, kowa a cikinmu ya san mai injin niƙa na unguwarsu. Da ya tada inji da safe, ya kasa kunne kaɗan, sai ka ji ya ce: "Kai, yau muryarsa ta sake." Bai kwance komai ba, amma ya san akwai abin da ke tafe. To wannan kunnen na mai niƙa shi ne yau ake koya wa kwamfuta, kuma shi ne batunmu: yadda ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, ke sauya yadda ake kula da manyan injuna.

Me ya haɗa mu da wannan zance? Arewa da birnin Damagaram, kan hanyar Tanut, akwai matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, ƙasar Nijar na da kashi 40. Ɗanyen man yana zuwa ta bututu daga Agadem, cikin jihar Diffa, tafiyar fiye da kilomita 400. Daga nan ake samun esansi, gazuwal da gas ɗin girki. A 2015, wani babban inji mai matsa iska ya lalace a matatar, aiki ya tsaya makonni. Inji ɗaya ne, amma idan irinsa ya tsaya, abin yana isa har ga ɗan kabu-kabu da direban kamiyo da mai injin ban ruwa a garka.

Haka zancen ruwa. Birnin Damagaram na zaune ne kan dutse, ruwan famfo daga nesa ake turo shi, daga wurare irin su Gogo, Machaya, Arunguza da Ganaram. Injuna ne ke tura shi. Idan ɗaya ya yi fan a watan Afrilu, kowa ya san yadda kuɗin jarka ke tashi wurin 'yan garuwa.

Hanyoyin kula da inji iri uku ne. Ta farko ita ce wadda muka fi sabawa da ita: a bar shi yana aiki har ya tsaya, sannan a nemo makaniki. Tana da sauƙi, amma ita ce mafi tsada, don ƙaramin ƙarfe da ya ci ya lalace yakan ja babba. Ta biyu ita ce gyara bisa lokaci: bayan awa kaza a juye mai, bayan wata kaza a sauya kaya, ko sun gaji ko ba su gaji ba. Ta fi ta farko, sai dai akan zubar da kayan da ke da sauran ƙarfi, kuma inji na iya lalacewa kafin ranar ta zo. Ta uku ita ce sabuwa: a riƙa sauraron injin dare da rana, a gyara shi daidai lokacin da ya fara nuna alama.

Ga yadda abin yake. Ana manna wa inji wasu ƙananan na'urori, wasu ba su wuce akwatin ashana ba. Wata tana auna karkarwa, wata zafi, wata ƙarfin wutar da yake ja, wata matsin mai ko na ruwa. Suna tura lambobi zuwa kwamfuta ba tsayawa. Da farko, manhajar tana ɗaukar makonni ko watanni tana koyon halin injin lokacin da yake lafiya: yadda yake karkarwa da safe, yadda yake zafi da azahar, yadda yake in an ɗora masa nauyi. Bayan ta san wannan, duk ranar da lambobin suka kauce, sai ta aika saƙo ga masu gyara.

Mu ɗauki misali da rulma, wadda a Najeriya ake ce wa boris, wato zoben nan mai 'ya'yan ƙarfe da sandar inji ke juyawa a ciki. Idan ta fara tsagewa, tana fitar da wata siririyar karkarwa da kunnen mutum ba ya kamawa. Sai daga baya ƙara ta fito, daga baya zafi, daga ƙarshe hayaƙi. Mai niƙa yana kama abin a matakin ƙara. Na'ura tana kama shi tun a matakin karkarwa, sau da yawa makonni kafin nan. Waɗannan makonnin su ne ribar: a yi odar kaya, a zaɓi ranar da za a tsai da injin, a gama gyara cikin awoyi maimakon a zauna jiran kaya daga waje.

Abin ya riga ya fara aiki a wurare da dama. Kamfanin Rolls-Royce na Ingila ya daɗe yana bin lafiyar injunan jiragen sama suna cikin tafiya. A 2022, kamfanin mai na Shell ya sanar cewa yana sa ido kan kayan aiki sama da 10,000 da irin wannan basira. Amma misalin da ya fi kusa da mu daga ƙauyukan Kenya yake. Masu bincike na jami'ar Oxford sun saka 'yar na'ura a hannun famfon tuƙa-tuƙa, tana ƙirga motsinsa tana aika saƙo ta layin salula. Idan famfo ya yi shiru, makaniki ya sani ba sai an yi masa aike ba. Famfon da a da yake kwana kusan wata guda a lalace, ya koma ana gyara shi cikin kwana uku ko ƙasa da haka. Daga baya suka koya wa kwamfuta gane alamun lalacewa daga yadda hannun ke karkarwa.

Sai dai mu faɗi gaskiya, ba sihiri ba ne. Manhajar da ta koyi halin inji a ƙasar sanyi, idan aka kawo ta nan inda zafi ke wuce digiri 40 kuma ƙurar hunturu ke toshe komai, za ta yi ta ihun ƙarya har sai ta koyi yanayinmu. Ihun ƙarya kuwa in ya yi yawa, ranar na gaskiya ba mai waiwayowa. Tana bukatar wuta da layin sadarwa da ba sa yankewa. Abu mafi girma kuma: na'ura tana faɗin ciwo ne kawai, ba ta riƙe sifana. A Kenya ma abin ya yi aiki ne don akwai makaniki da babur da kayan gyara da asusun da jama'a ke zuba kuɗi a ciki. Idan saƙo ya zo babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, an dai san ranar mutuwar injin, shi ke nan.

Wasu na tambaya: to makanikanmu fa, aikinsu zai tafi? Abin da ake gani shi ne aikin yana sauya kama. Har yanzu mutum ne zai kwance, ya duba, ya tabbatar ko na'ura ta yi gaskiya. Amma wanda ya iya karanta lambobin a kan allo, kuma hannunsa ya san ƙarfe, shi za a fi nema. Wannan kira ne ga yaranmu da ke Jami'ar André Salifou ta Damagaram da makarantun koyon sana'a, da waɗanda ke koyo a garaji: a haɗa ilimin biyu. In ba haka ba, kullum baƙo ne zai riƙa karanta mana lafiyar injunan da ke cikin ƙasarmu, mu kuma muna biya.

Akwai abin da za mu iya farawa tun yau ba tare da sayen komai ba. Ƙirƙirarriyar basira da bayanai take rayuwa, mu kuwa ba mu cika rubutawa ba. Kwamitin foraj na gari, mai injin niƙa, mai janareto, kowa ya samu kaye guda: ranar da aka juye mai, awa nawa inji ya yi, lita nawa ya sha, minti nawa tanki ke ɗauka kafin ya cika. Idan tankin da ke cika cikin awa uku ya koma huɗu alhali rana na nan yadda take, famfo ne ke magana, ko kuwa ƙura ta rufe faifan sola.

Ku kuma 'yan uwa na waje da ke haɗa kuɗi ana haƙa foraj a garuruwanku, Allah Ya saka da alheri. Amma kafin a biya, ku tambaya: wa zai kula da shi, ina ake samun kayansa, nawa aka ware na gyara? Akwai famfunan sola na yanzu da ke zuwa da akwati mai nuna wutar da suke ja da awoyin aikinsu, wasu ma ana iya duba su ta salula. Ku sa a nuna wa wani yaro a garin yadda ake karanta shi, ya riƙa turo muku hoto duk Juma'a. Ranar da lamba ta sauya, a kira makaniki tun ruwa bai yanke ba.