Kaskon Baƙin Ƙarfe: Yadda Za Mu Gane Shi, Mu Yi Aiki da Shi

'Yan'uwa, a gidaje da yawa akwai wani tsohon kasko ko tandar masa mai nauyi da aka jingine a bayan rumbu, don an ce ya yi baƙi ko ya yi tsatsa, an kuma sayo mai ƙyalli mara nauyi a madadinsa. Muna so mu roƙe ku ku ɗauko shi ku sake dubawa. In na baƙin ƙarfe ne, ya fi sabon daraja, kuma gyaransa bai wuce aikin yamma ɗaya ba.

Da farko sai mu tabbatar da abin da ke hannunmu, domin ba duk abin da ake kira "na ƙarfe" a kasuwa ne baƙin ƙarfe ba. Yawancin tukwane da tandunan zubi da ake sayarwa a kasuwanninmu na alminiyam ne, an narka tsofaffin kayayyaki an zuba. Gwajin mai sauƙi ne. A samo maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifikar rediyo ma ya isa, a kara a jikin kaskon. In ya manne, ƙarfe ne. In ya faɗi, alminiyam ne. Ba mu ɗauki wannan bambanci da wasa ba. A shekarar 2014 masu bincike sun gwada tukwanen da ake zubawa da tarkacen alminiyam a ƙasar Kamaru, suka tarar suna sakin dalma cikin abinci. Duk wanda ya ji labarin yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san ba abin da za a so a cikin kwanon yaro ba ne, ko da kaɗan.

Baƙin ƙarfe na zubi yana da halinsa. Ba ya ɗaukar zafi da sauri, amma in ya ɗauka ba ya saki da sauri. Saboda haka kada a hura masa babbar wuta tun farko. A ɗora shi a kan matsakaiciyar wuta na minti 5 zuwa 10, ana ɗan jujjuya shi a kan murhu don zafin ya kai ko'ina. Mai gaggawa takan ga masar gurbin tsakiya ta ƙone, ta gefe kuwa ba ta nuna ba, sai ta ɗora wa ƙullu laifi, alhali tandar ce ba ta gama ɗaukar zafi ba. Don a san ko ya yi, a yarfa ɗigon ruwa. In ya yi ƙara ya bushe nan take, sai a sa mai, sannan a zuba ƙullu. Kada kuma a yi saurin juyawa. Sinasir ko masa ko nama, in ƙasansa ya soyu zai saki kaskon da kansa. Da yake ƙarfen yana riƙe zafi, ana iya janye itace kafin a kai zubin ƙarshe, zafin da ya rage zai ƙarasa aikin.

Yanzu ga maganar baƙin nan da wasu ke ɗauka datti ne. Ba datti ba ne. In aka shafa mai siriri a kan ƙarfe aka gasa shi sosai, man yakan sāke, ya daskare ya zama wata fata mai tauri da santsi da ta manne da ƙarfen. Ita ce ke hana abinci kamawa, ita ce kuma ke tsare ƙarfen daga ruwa da iska masu kawo tsatsa. Duk suyar da aka yi tana ƙara mata kauri, shi ya sa tandar kaka ta fi sabuwa fitar da masa mai kyau. Wadda ta zauna da yashi ta goge kaskonta har ya yi fari, ta kankare aikin shekaru ke nan.

Ga yadda ake yi wa sabon kasko, ko wanda ya yi tsatsa, wannan fata. A goge tsatsar da toka da yashi ko soson ƙarfe, a wanke, a ɗora a wuta har ya bushe ƙayau. A tsoma tsumma mai tsabta a man gyaɗa a shafe shi ciki da baya, sannan a sa busasshen tsumma a goge man kamar ba a so ya rage. Nan ne yawancin mutane ke kuskure: mai da yawa ba ya taurara, danƙo yake zama. A mayar kan wuta har ya yi hayaƙi, hayaƙin kuma ya tsaya. A bari ya huce, a maimaita sau 3 ko 4. A yi wannan a waje, ba a cikin ɗaki ba.

Bayan kowane girki a wanke shi da ruwan ɗumi. Sabulu kaɗan ba ya ɓata shi. Abin da ke ɓata shi shi ne a jiƙa shi ya kwana, ko a kife shi da danshi. A busar a kan wuta, a shafa ɗan mai, a rataye, musamman da damina. Kada a kwara ruwan sanyi a kansa yana da zafi, kada kuma a yar da shi a kan dutse, domin ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Mariƙinsa ma yana zafi kamar cikinsa, sai a kula da yara.

Akwai wani amfanin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wannan magana. Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe don ya yi jini, rashinsa kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kawo ƙarancin jini ga mata masu ciki da ƙananan yara. Abincin da aka dafa a baƙin ƙarfe yakan ɗebi kaɗan daga wannan sinadari. A 1999 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a garin Mekele na ƙasar Habasha a kan yara 407. An ba wasu gidaje tukwanen ƙarfe, wasu na alminiyam. Bayan shekara guda jinin yaran da ake dafa musu a ƙarfe ya fi ƙaruwa, sun kuma ɗan fi tsawo.

Amma kada mu faɗi fiye da abin da aka gani. Da aka yi irin wannan gwaji a Malawi a farkon shekarun 2000, gidaje da yawa ba su riƙa girki da tukwanen kullum ba, suna kukan nauyi da tsatsa. A Kambodiya kuma an rarraba ɗan kifin ƙarfe da ake jefawa cikin miya, amma gwajin da aka buga a 2017 bai nuna ya ƙara wa matan jini ba, domin ƙarancin jinin yawancinsu ba daga rashin ƙarfe ya zo ba. Mu ma nan zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna shanye jini, kasko kuwa ba ya maganinsu.

Irin girkin ma yana da tasiri. Suyar ƙosai ko masa cikin mai ba ta ɗibar ƙarfe sosai. Abinci mai ruwa da ɗan tsami da ya daɗe a wuta, kamar miyar tumatir, ko ta yakuwa, ko abin da aka sa wa tsamiya, shi ne ya fi ɗiba. Tsamin yana kuma taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen, shayi tare da abinci kuwa hanawa yake yi. Sai dai tsami yana cin fatar kasko, yana iya sa miya ta yi duhu da ɗan ɗanɗanon ƙarfe. Shawararmu ita ce, kada a dafa miyar tsami a tandar masa ko kaskon sinasir. In da hali a ware wani kasko mai zurfi don miya, a juye ta da zarar ta nuna, kada ta kwana a ciki.

Mace mai ciki ta ci gaba da zuwa awo, tana shan ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta a asibiti, ko da a baƙin ƙarfe take girki. In kuma akwai mai ciwon sikila a gida wanda ake yawan ƙara masa jini, ƙarfe na iya taruwa a jikinsa fiye da kima, don haka a tambayi likitansa kafin a mai da miyar kaskon ƙarfe abincinsa na kullum.