A Daina Yanke Ƙarfen Gindin Inji Don Salansa Ta Wuce

Duk mai bi ta garejojin da ke tsakanin Sabon Zongo da kasuwar Abossey Okai, ko na lungunan Nima da Maamobi a nan Ghana, ya san wannan aiki. Injin tasi ko na ƙaramar bas ɗin haya ta trotro ya gaji, an sayo na gwanjo wanda ba irin na motar ba. Ko kuma matashi ya samu kuɗi, ya ɗora wa motarsa babban inji da bututan hayaƙi masu ruri. An zo ɗaurawa, sai bututun da ya sauko daga manifol ya tokare ƙarfen giciye da ke ƙarƙashin inji. Nan take a kira mai walda, ya kunna wutar gas, ya zaftare gefen ƙarfen, bututu ya wuce. In mai mota ya yi ƙorafi sai a ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ƙarfe ne mai kauri, ɗan wannan ba zai yi komai ba." Wallahi na gaji da jin wannan magana.

A ƙananan motoci da yawa, wannan ƙarfe yana taimakawa wajen riƙe inji, kuma a jikinsa ake ɗaure hannuwan tayoyin gaba da akwatin sitiyari. Kaurin da ake gani kuwa na ido ne. Cikinsa rami ne, falle-fallen ƙarfe marasa kauri aka matse aka haɗe, ƙarfinsa duka yana cikin rufaffiyar siffarsa, kamar gwangwanin madara da ke jure nauyi muddin ba a tsaga gefensa ba. Da zarar an buɗe masa gefe, nauyin da ake rabawa ko'ina sai ya taru a kusurwar yankan. Wutar gas ta riga ta ƙone fentin wurin ta sauya lafiyar ƙarfen, iskar teku da ruwan watan Yuni kuma su kawo tsatsa. Kowane rami, kowane tudun rage gudu, yana lanƙwasa wurin kaɗan ya sake shi, har tsaga ta fara.

Mai walda zai rantse ya yi wa motoci da yawa haka, ba wadda ta dawo. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin tsagar ba a rana ɗaya take bayyana ba, tana cin watanni. Motar da tayarta ta buɗe a hanyar Kasoa ko ta Nsawam kuwa ba garejinsa ake jan ta ba, balle ya ga aikin hannunsa.

Sai hujja ta biyu: "Ai bututun ba ya taɓa ƙarfen, duba da kanka." Ana faɗin haka ne mota na tsaye, inji a sanyi. To inji kan roba yake zaune, duk sanda aka taka totur ko aka sa ribas sai ya karkata. Bututun kansa yana miƙewa in ya ɗauki zafi: ƙarfe mai tsawon mita 1 yana ƙara kusan milimita 7 in zafinsa ya hau da digiri 600, manifol na injin fetur kuwa yana kaiwa haka a kan tudu da lodi. Tazarar da takarda kaɗai ke ratsawa da safe, da rana ta zama goga. Ko bai taɓa ba, zafin yana gasa abin da ke kusa: tiyon mai, wayar sitata, robar sitiyari, bututun birki. Sabon man birki na DOT 3 yana tafasa ne a wajen digiri 205, wanda ya tsufa ya sha danshi kuwa a wajen 140. In ya tafasa, ka taka birki ƙafarka ta tafi ƙasa. Ka tuna gangaren Aburi zuwa Ayi Mensah da mota cike da fasinja.

Motocin da aka juya wa sitiyari sun fi shiga wannan hatsari. Tun 1974 Ghana ke tuƙi a hannun dama, don haka motar Japan mai sitiyari a dama sai an mayar da shi hagu, sandarsa ta bi ta inda kamfani bai tanada mata wuri ba. Manifol da ya tsage saboda goga kuma yana shigo da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana sa direba gyangyaɗi.

To mene ne abin yi? Kafin ka biya kuɗin inji a Abossey Okai, tafi da makanikinka da awo, ka nemi a haɗa maka da manifol da kujerun injin da suka dace da motarka. In wuri ya ƙi, bututu za a gyara: a yanka shi, a sake masa gwiwa, a kewaye ƙarfen. Ko ɗan lotsa bututu da guduma ya fi yanke ƙarfen gindi sauƙin illa nesa ba kusa ba. A bar tazarar da yatsa biyu za su shiga tsakaninsa da ƙarfe, a ninka hakan wajen tiyon mai da na birki, a sa farantin kare zafi. Kada a jefar da farantin da ya zo da motar don yana ƙara, a ɗaure shi. In robobin kujerar inji sun mutu, a canza su kafin a auna komai. In yanka ya zama dole, sai gwani ya rufe wurin da ƙarfe mai kauri ɗaya, ya yi walda kewaye, ya shafa fenti. Bayan an gama, a ja birkin hannu, a taka birki, a sa giya a ɗan ba da wuta, wani na gefe yana kallon yadda inji ke motsi. Bayan mako guda a ɗaga motar: duk inda ka ga ƙarfe ya yi sheƙi ko roba ta ƙone, nan ake goga.

Masta makaniki, ran fasinja amana ce a hannunka kamar yadda take a hannun direba. Kai kuma mai mota, in an ce aikin kirki zai ƙara kwana biyu da 'yan sidi, ka biya, kada ka tsaya kan makaniki kana cewa yau kake son motarka.