Bashin Barci da Yadda Jiki Yake Karɓarsa

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai lokacin jarrabawa ya san yadda dare yake komawa rana. Wannan ya dafa shayi mai kauri, wancan ya jefa goro a baki, kowa ya duƙufa a kan littafi har kiran assalatu. Da safe kuma sai a shiga ɗakin jarrabawa, mutum ya tarar abin da ya karanta jiya ya yi ɓatan dabo. Galibi akan ɗora laifin a kan ruɗewa ko rashin sa'a. Masana kimiyyar barci kuwa suna da wani bayani dabam.

Shekaru aru-aru mutane sun ɗauka barci mutuwar wucin gadi ce, har Bahaushe yakan kira shi ƙanin mutuwa. Wannan fahimta ta fara sauyawa ne bayan da wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya bayyana a shekarar 1929 cewa ana iya auna motsin lantarkin da ke cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar manna wayoyi a fatar kai. A shekarar 1953 kuma, a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura cewa akwai lokutan da idanun mai barci suke kai da komowa da sauri a ƙarƙashin fatar ido, ƙwaƙwalwarsa tana aiki kamar ta wanda yake a farke. Idan aka tashe shi a daidai wannan lokaci, yawanci sai ya ce mafarki yake yi.

Daga nan aka gane cewa barci hawa-hawa ne. Mutum yakan fara da mai sauƙi, ya gangara zuwa mai nauyi, sa'an nan ya shiga barcin mafarki, kuma wannan zagaye yakan ɗauki kimanin minti 90, a maimaita shi sau 4 zuwa 6 kafin gari ya waye. Sai dai zagayen ba iri ɗaya ba ne. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, kuma a cikinsa ne jiki yake sakin mafi yawan sinadarin girma, ƙwaƙwalwa kuma ta riƙa bitar abin da aka koya da rana tana kai shi ma'ajiya mai ɗorewa. Barcin mafarki kuwa ya fi tsawo wajejen asuba. Saboda haka ɗalibin da ya raba dare yana karatu ya zuba hatsi ne a tsakar gida bai kai shi rumbu ba.

To, mene ne yake kawo barcin? Abubuwa biyu ne suke aiki tare. Na farko wani sinadari ne mai suna adenosin, wanda yake taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana farke. Gwargwadon daɗewarsa a farke, gwargwadon yawan sinadarin da nauyin ido, kuma barci ne yake rage shi. A nan ne goro da shayi da kofi suke shigowa, domin duka ukun suna ɗauke da kafin. Abin da kafin yake yi shi ne ya toshe gurbin da adenosin yake sauka, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon gajiya. Gajiyar kuwa tana nan ba ta je ko'ina ba, an dai toshe mata baki ne. Jiki yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya kawar da rabin kafin ɗin da aka sha, ko da yake mutane sun bambanta a wannan. Ke nan wanda ya zauna a teburin mai shayi da magariba, ƙarfe 11 na dare za ta same shi da kusan rabin abin da ya sha yana yawo a jininsa.

Na biyu shi ne agogon jiki. Can cikin ƙwaƙwalwa, sama da inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da yake ƙidayar dare da rana. Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young sun sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 2017 saboda gano yadda irin wannan agogo yake aiki, kuma abin sha'awa, a jikin ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin 'ya'yan itace suka gano shi. Haske ne yake saita agogon. Idan duhu ya shiga sai jiki ya fara sakin sinadarin melatonin, wanda yake sanar da gaɓoɓi cewa dare ya yi. Haske mai ƙarfi da dare yakan jinkirta wannan sanarwa.

Kakanninmu ba su da abin da ya wuce aci-bal-bal da farin wata. Mu kuwa muna da ƙwan lantarki da talabijin, ga kuma wayar hannu wadda take bin mutum har kan shimfiɗa. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Harvard sun nuna cewa masu karatu a allo mai haske kafin kwanciya melatonin ɗinsu yana makara, kuma sukan tashi da safe da sauran magagi. Amma jinkirin da suka samu wajen kamawar barci kimanin minti 10 ne kawai. A ganina hasken wayar ba shi ne babban ɓarawon ba. Abin da ke cikinta ne: saƙon da ake jira, da muhawarar da ta ɗau zafi, da bidiyon da yake ƙarewa wani ya biyo baya ba tare da an nema ba. Kada kuma mu cika yabon zamanin da. Binciken da Jerome Siegel da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 a kan al'ummomi uku marasa lantarki, ciki har da Hadza na Tanzaniya, ya nuna barcinsu bai cika wuce awa 6 zuwa 7 ba. Abin da suka fi mu shi ne tsari, domin lokacin tashinsu kusan ɗaya ne kullum.

Me jiki yake asara idan barci ya gaza? A shekarar 1999, Eve Van Cauter da abokan aikinta a Shikago sun taƙaita barcin samari 11 masu ƙoshin lafiya zuwa awa 4 har dare 6. Kafin mako ya cika, jikinsu ya fara jinkirin kwashe sukari daga jini kamar na wanda ciwon sukari yake shirin kamawa. Da aka bar su suka yi barci isasshe, sai al'amarin ya daidaita. Bincike da dama sun kuma danganta gajeren barci na shekaru da hawan jini da ƙiba da raunin garkuwar jiki.

Akwai kuma asarar da ba ta jiran shekaru. A 1997 Drew Dawson da Kathryn Reid na Ostareliya sun gano cewa wanda ya yi awa 17 a farke, hankalinsa da saurin hannunsa sukan ragu kamar na wanda ya sha barasa har ya kai iyakar da ƙasashe da yawa suke hana tuƙi. Ƙwaƙwalwar da ta gaji takan saci barci na 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci ma ido a buɗe, mai ita bai sani ba. Mai karatu ya yi lissafi: motar da ke gudun kilomita 100 a awa takan ci fiye da mita 110 cikin daƙiƙa 4. Direban da ya ɗauko kaya daga Kano zuwa Legas, ya kwana biyu yana tauna goro, a cikin waɗannan daƙiƙoƙi motarsa ba ta da matuƙi, kuma mafi muni shi ne mai bashin barci ba ya iya auna gajiyar kansa.

Ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka sun yi matsaya a 2015 cewa baligi yana bukatar aƙalla awa 7 kowane dare, a 2016 kuma aka yi matsaya cewa matasa suna bukatar awa 8 zuwa 10. Tunda yawancinmu muna tashi da asuba, gyaran sai dai ya zo ta wajen kwanciya da wuri. Ƙailula ma tana da gurbi, domin agogon jiki da kansa yakan yi sanyi bayan azahar, amma minti 20 zuwa 30 ya wadatar, in ta yi tsawo ko ta kai la'asar sai ta ci daga rabon dare. Wanda kuwa yake cika awoyinsa amma ya wuni yana gyangyaɗi, musamman idan iyalinsa suna cewa yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya ɗauke ya dawo, to maƙogwaronsa ne mai yiwuwa yake toshewa cikin barci. Wannan cuta ce sananniya mai alaƙa da hawan jini, tana da magani, kuma likita ne zai tabbatar da ita.