Abubuwa 12 na ban mamaki game da Katalin Karikó, mai binciken da aka rage wa muƙami kafin ta ci Nobel

Duk wanda aka yi wa allurar riga-kafin korona ta Pfizer ko ta Moderna ya amfana da aikin wannan mata, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Ta kwashe kusan shekara 40 tana bin abu guda, wato sinadarin mRNA, a lokacin da yawancin abokan aikinta ke ganin ɓata lokaci take yi. Ga wasu abubuwa daga tarihin bincikenta da rubuce-rubucenta.

1. 'Yar mahauci ce
An haife ta ran 17 ga Janairun 1955 a Szolnok ta ƙasar Hangari, ta tashi a wani ƙaramin gari mai suna Kisújszállás. Mahaifinta mahauci ne. Gidansu ba ruwan famfo, ba firji, ba talabijin. Ta yi karatu a Jami'ar Szeged, inda ta sami digirin digirgir a 1982.

2. Jarinta na cikin 'yar tsana
A 1985 kuɗin ɗakin binciken da take aiki ya ƙare, sai Jami'ar Temple da ke Filadelfiya a Amurka ta ba ta gurbi. A lokacin gwamnatin Hangari ba ta barin mutum ya fita da kuɗi masu yawa. Ita da mijinta suka sayar da motarsu, ta farke 'yar tsanar ɗiyarsu mai shekara 2, ta cusa fam 900 a ciki, ta ɗinke. Da wannan guzuri suka shiga jirgi.

3. Abin da ta nace a kai
Umarnin gina jiki yana ajiye cikin DNA, kamar kundin da ba a yarda a fita da shi daga ɗaki ba. Idan ƙwayar halitta na son haɗa wani furotin, sai a kwafi shafin da ake buƙata kaɗai a aika wurin haɗawa. Wannan kwafin shi ne mRNA, wanda masana suka gano a 1961. Tunanin Karikó shi ne: in har za a iya rubuta wannan saƙo a ɗakin gwaji a shigar da shi jikin mutum, to jiki da kansa zai haɗa maganin da yake buƙata. Matsalar ita ce mRNA ba ya jimawa yake lalacewa, shi ya sa mutane da yawa suka guje shi.

4. An ba ta zaɓi, ta zaɓi ƙasa
Ta koma Jami'ar Pennsylvania a 1989. Takardar neman tallafi bayan takarda, duk ana mayar mata da su. A jami'o'in Amurka kuwa, mai binciken da bai jawo kuɗi ba kujerarsa rawa take. A 1995 aka ce ko ta bar mRNA, ko a sauke ta daga layin zama farfesa a kuma rage mata albashi. Ta karɓi ragin, ta ci gaba da aikinta. Har ta bar jami'ar ba ta taɓa samun babban tallafin nan na cibiyar binciken lafiya ta Amurka da ake auna darajar masu bincike da shi ba.

5. Haɗuwa a bakin injin fotokwafi
A ƙarshen shekarun 1990 masana kan kwafi maƙalu daga mujallu don su karanta. A wajen jiran layin injin ne ta haɗu da Drew Weissman, likita masanin garkuwar jiki wanda bai daɗe da zuwa jami'ar ba, yana neman hanyar yin riga-kafin cutar ƙanjamau. Ta gaya masa tana iya haɗa kowane irin mRNA. Daga wannan hira aka fara aikin da ya kai su Stockholm karɓar lambar Nobel bayan shekara sama da 20.

6. Amsar tana cikin abin da ba shi ake gwadawa ba
Nan ne labarin ya fi daɗi. Duk lokacin da suka sa mRNA ɗin da suka haɗa cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, sai ƙwayoyin su tayar da ƙayar baya, su ɗauke shi a matsayin maƙiyi, kumburi ya biyo. Maganin da zai kumbura majinyaci kuwa ba magani ba ne. A cikin gwajin akwai wani nau'in RNA da ake kira tRNA, wanda aka sa domin kwatance kawai. Sai Karikó ta lura shi bai tayar da komai ba. Me ya bambanta shi? RNA na da haruffa huɗu: A, U, G da C. A cikin tRNA jiki yakan ɗan sauya fasalin wasu daga cikinsu. Sai suka gwada sauya harafin U, wato uridine, da ɗan'uwansa pseudouridine. Garkuwar jiki ta yi shiru, saƙo ya wuce lafiya.

7. Maƙalar da manyan mujallu suka ƙi
Sun aika sakamakon ga mujallar Nature, kuma kamar yadda Karikó ta sha faɗa, cikin awa 24 aka mayar musu da shi, ko masana ba a tura wa su duba ba. Mujallar Science ma ta ƙi. A ƙarshe mujallar Immunity ta buga shi a watan Agustan 2005, da sunayen mutum huɗu. Weissman ya zaci waya za ta yi ta ƙara saboda masu neman bayani. Ba wanda ya kira.

8. Ba ta tsaya a maƙala ɗaya ba
A 2008, a mujallar Molecular Therapy, suka nuna cewa mRNA mai pseudouridine ya fi na asali samar da furotin. A 2011, a mujallar Nucleic Acids Research, suka nuna yadda za a tace shi daga gurɓatattun sinadaran da ke tsokano garkuwar jiki. Kowace maƙala na cire ƙaya ɗaya daga hanya. Cikin 'yan kaɗan da suka lura da aikin akwai Derrick Rossi na Harvard, wanda ya yi amfani da dabarar a bincikensa, kuma yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Moderna a 2010.

9. Ta bar jami'a tana da shekara 58
A 2013 ta karɓi aikin mataimakiyar shugaba a BioNTech, kamfanin da ke Mainz a Jamus wanda a lokacin bai fitar da ko magani ɗaya kasuwa ba. Shi ne kamfanin da ya haɗa kai da Pfizer a 2020 don yin riga-kafin korona. Riga-kafinsu da na Moderna duka suna amfani da wani nau'in pseudouridine da aka ƙara gyarawa.

10. Bikinta gyaɗa ce
Da sakamakon gwaji ya fito a Nuwamban 2020, ya nuna riga-kafin na aiki da sama da kashi 90 cikin 100, ta yi murna da cinye fakitin gyaɗa mai cakulan ita kaɗai. Ran 18 ga Disamba aka yi musu allurar ita da Weissman a jami'ar da ta taɓa rage mata muƙami. A Agustan 2021 allurar Moderna kimanin miliyan 4 ta iso Najeriya.

11. Gidan zinare
'Yar nan mai 'yar tsana, Susan Francia, ta girma ta zama gwanar tseren kwale-kwale. Ta ci wa Amurka lambar zinare a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, ta sake ci a Landan a 2012. Shekaru da yawa an fi sanin ɗiyar a kan uwar.

12. Nobel
Ran 2 ga Oktoban 2023 aka sanar da cewa ita da Weissman sun lashe lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci. Ita ce mace ta 13 da ta samu a wannan fanni, kuma maƙalar 2005 na cikin ayyukan da kwamitin ya kafa hujja da su. Mahaifiyarta, wadda takan saurari sanarwar kowace Oktoba da fatan jin sunan 'yarta, ta rasu kafin ranar ta zo.

Gaskiya ne mahaƙurci mawadaci, amma akwai abin da ya kamata shugabannin jami'o'i su ɗauka a nan. Ma'aunin da aka auna Karikó da shi, wato yawan tallafi da girman sunan mujalla, ya kasa gane aikin da ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Duk kwamitin da ke ƙirga maƙalu don ƙarin girma, ya kamata ya zauna ya karanta abin da ke cikinsu, ya tambayi wace matsala suka warware.