Jami'a Ko Ƙwararru: Wa Ya Yi Hakeem?

Gardama ba ta ƙarewa tsakanin masu sha'awar ƙwallon kwando na Amurka. Wasu sun fi son ƙungiyoyin jami'o'i, wasu kuwa na ƙwararru masu cin albashi, watau NBA. Abin mamaki, kowane ɓangare da Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, yake kafa hujja.

Masu goyon bayan jami'a suna cewa tsaron gida ya fara yi a ƙwallon ƙafa, Jami'ar Houston ce ta goge shi, har ƙungiyarta ta kai wasan ƙarshe a 1983 da 1984. Ɗaya ɓangaren sai su ce ai duka biyun kaye ta sha. Sai da Houston Rockets suka ɗauke shi a 1984, gaban Michael Jordan, sa'an nan ya ci kofi a 1994 da 1995. Har da azumi a bakinsa yakan yi wasa.

To, 'yan'uwa mazauna Kudu, in yaro ya nemi barin karatu saboda ƙwallo, a tuna masa Hakeem ta ƙofar makaranta ya shiga.