Kailasa: Haikalin Da Aka Fara Daga Rufi

Duk maginin da ka sani daga ƙasa yake farawa. Ya haƙa harsashi, ya jera tubali ko bulo, ya ɗora azara, rufi ya zo a ƙarshe. A Elora kuwa, cikin jihar Maharashtara ta ƙasar Indiya, akwai wani wurin bauta na mabiya addinin Hindu da aka faro daga tsololuwa aka gangaro. Sai da aka gama rufi sannan aka zo kan ginshiƙai, daɓe shi ne auta. Sunansa Kailasa, kuma ya haura shekara 1,200 a duniya.

Kalmar gini ma aronta muka yi masa, don ba a ɗauko dutse daga wani wuri an ɗora a kan wani ba. Aikin ya fi kama da na masassaƙin turmi. Shi gungumen icce yake samu, ya yi ta cirewa da gizago har turmi ya fito, ba ya ƙara komai. Haka masu aikin Elora suka hau gadon wani tsauni na baƙin dutse, irin wanda aman wuta ya daskare ya bari, suka sare manyan ramuka uku zuwa ƙasa, suka ware ƙaton curi guda a tsakiya. Daga wannan curin suka fitar da zaure, da ɗakuna, da matakala, da gada, da bene, da giwaye, duk jiki ɗaya. Farfajiyar da suka haƙa ta kai mita 82 a tsawo da mita 46 a faɗi, wato ta ɗan haura rabin filin ƙwallo. Ƙololuwar haikalin ta tashi wajen mita 32 daga ƙasa, kamar bene hawa goma. Masana sun ƙiyasta dutsen da aka kwashe da tan 150,000 zuwa 200,000. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka, sai ka lissafa: tirela dubu biyar ko fiye, da guduma da ƙarfen sara da kwando a ka.

Abin da ya fi yawan dutsen ban tsoro shi ne rashin damar gyara. Magini in ya karkata bango, rushewa yake ya sake. Masassaƙi in ya zarce da sara, shi ke nan, abin da ya fita ya fita. Wanda ya tsaya a saman tsaunin ran farko dole ya riga ya san inda ƙafar giwa za ta sauka mita talatin a ƙarƙashinsa, da kaurin da zai bar wa rufi, da inda ginshiƙi zai tsaya ya riƙe shi, alhali duk suna cikin dutse ba wanda ya gan su.

Galibin masana tarihi suna danganta aikin ga sarki Kirishna na Ɗaya na daular Rashtarakuta, wanda ya yi mulki daga wajen shekarar 756 zuwa 773. Babbar hujjarsu wani allon tagulla ne da aka samu a Baroda, wanda aka rubuta wajen 812. A ciki an yabi Kirishna da cewa ya yi wa Shiba, abin bautarsu, haikali a Elafura, tsohon sunan Elora, wanda kyansa ya sa allolinsu suka tsaya suna mamaki, shi kansa mai tsara aikin ya kasa yarda hannunsa ne ya yi. Fasalin kuma ba daga sama ya faɗo ba. Ya yi kama ƙwarai da haikalin Birupaksha na Pattadakal, wanda wata sarauniyar daular Calukya ta gina wajen 740, kuma Rashtarakuta su ne suka karɓe mulki daga hannun Calukya. Mai yiwuwa sabon sarki ne ya ga abin alfaharin waɗanda ya kayar, ya ce a yi masa irinsa, amma ya fi girma, kuma daga dutse guda. Sarauta ko'ina halinta ɗaya ne.

Sunan kuwa na wani tsauni ne a Tibet, Kailash, wanda Hindu suka ɗauka mazaunin Shiba ne. Shi ya sa asali aka shafe haikalin da farin yaɓe don ya yi kama da tsauni mai ƙanƙara, har yau ana ganin ragowar yaɓen da fenti a wasu lunguna. Mai shiga zai fara cin karo da siffar allahiyarsu Lakshmi zaune kan furen bado, giwaye suna kwara mata ruwa. Daga nan sai rumfar Nandi, bijimin da suka ce shi Shiba ke hawa, yana gurfane yana fuskantar ɗakin ibada, da dogayen ginshiƙai biyu a hagu da dama. Gindin haikalin jerin giwaye ne da zakoki, an sassaƙa su kamar su ne suke ɗauke da shi a gadon baya. A bangon gefe ɗaya an zana labarin Ramayana layi bisa layi, a ɗaya gefen na Mahabharata. Wanda ya girma yana kallon finafinan Indiya ba zai rasa gane wasu fuskokin ba.

Akwai sassaƙa ɗaya a ɓangaren kudu da ta cancanci a tsaya a kanta. Labarinta shi ne Rawan, sarkin Lanka mai kai goma da hannu ashirin, ya fusata ya shiga ƙarƙashin tsaunin Kailash zai tumɓuke shi. Masassaƙin ya raraka rami mai zurfi ya durƙusar da Rawan a cikin duhunsa, hannuwa a baje, ya dage da dukkan ƙarfinsa. A sama ga Parbati, matar Shiba, ta firgita ta riƙe hannun mijinta ta jingina da shi. Wata kuyanga ta juya baya ta ranta a na kare. Shi kuwa Shiba yana zaune ko a jikinsa, yatsan ƙafa ɗaya kawai ya danna, tsaunin ya koma mazauninsa. Ba sai ka yarda da labarin ba kafin ka yarda cewa wanda ya iya sa dutse ya nuna tsoro gwani ne.

Abu in ya girmi hankali, tatsuniya takan zo ta zauna a kansa. Mutanen yankin masu harshen Marati suna da tasu, wadda aka rubuta ɗaruruwan shekaru bayan aikin. Wai sarki ya kwanta ciwo, sarauniya ta yi bakance cewa in ya warke za ta gina wa Shiba haikali, kuma ba za ta sa abinci a baki ba sai ta ga ƙololuwarsa. Sarki ya warke, magina suka ce aikin watanni ne, ga baiwar Allah tana ramewa. Sai wani gwani mai suna Kokasa daga garin Paitan ya ce a bar masa. Ya hau tsauni ya fara daga sama, cikin mako guda ƙololuwa ta bayyana, sarauniya ta gani ta sha ruwa. Labarin yana da daɗi, kuma ya nuna cewa tun da can abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne wannan farawa daga sama. Masu yi wa baƙi jagora suna da wani kuma, cewa sarki Aurangzeb ya turo mutum dubu su rushe wurin, suka shekara uku ba su iya komai ba sai fasa fuskoki. Wannan zancen baka ne. Abin da ido yake gani shi ne siffofi da yawa sun sha ɓarna, manyan giwayen farfajiya ma ba su da hanci, kuma kabarin Aurangzeb, wanda ya rasu a 1707, yana Khuldabad, 'yar tafiya kaɗan daga nan.

Tatsuniyar zamaninmu ita ce ta fi ba ni haushi. Bidiyoyi sun cika YouTube da Facebook ana cewa wasu halittu ne daga sararin samaniya suka yi, namu kuma su fassara su ce aikin aljanu. Wannan cin hakkin leburori ne. Sawun ƙarfen sara yana nan raɗau a jikin bangaye. Kailasa shi ne na 16 cikin koguna 34 da aka sassaƙa a wannan tsauni tsakanin ƙarni na 6 da na 10, 12 na mabiya Buddha, 17 na Hindu, 5 na mabiya Jain, kafaɗa da kafaɗa. Wasunsu ba a ƙarasa ba, har da na 30 da ake kira Ƙaramin Kailasa, inda mutum zai ga matakan aikin da idonsa, sama an goge, ƙasa an bar shi da kaushinsa. Masanin tarihi M. K. Dhavalikar ya yi lissafin abin da mutum ɗaya zai iya sarewa a wuni, ya ce ma'aikata 250 za su iya kwashe dutsen cikin shekara biyar da rabi. Wani masanin kuwa, Hermann Goetz, yana ganin sarakuna da dama ne suka yi ta ƙari a kai. Saɓaninsu a kan yawan shekaru ne, amma dukansu mutane suke gani a bakin aikin, masu gumi da kanta a tafin hannu. Mai haƙuri aka ce yakan dafa dutse, waɗannan ɗaki suka yi da shi.

Hukumar UNESCO ta sa Elora cikin wuraren tarihi na duniya a 1983, hotonsa kuma yana bayan takardar kuɗi ta rupee 20 da Indiya ta fitar a 2019. Nisansa kilomita 30 ne daga birnin Aurangabad, wanda yanzu aka sauya wa suna zuwa Chatrapati Sambajinagar, kuma akwai jirgin ƙasa daga Mumbai. Wanda karatu ko jinya ko kasuwanci ya kai shi can, in ya samu sarari ya je, ya fara hawa tudun da ke bayan haikalin ya leƙo daga sama, daga inda masu aikin suka fara. Sai dai kada ya je ranar Talata, a rufe wurin yake.