Mai Neman Kujerar Majalisa Ya Yi Sallama, Me Za Ki Tambaye Shi?

Kun dai san yadda gari ke zama in zaɓe ya gabato. Motoci masu lasifika su yi ta kewaya Paki da Gimi da Hunkuyi, a lilliƙa hotuna a bango, shugabar mata ta jam'iyya ta bi gida gida da sabulu da turmin atamfa. Galibinmu Gwamna da Shugaban Ƙasa muke kula da su. Mai neman Majalisar Jiha kuwa, sai mu ɗauke shi ɗan rakiya. To, yau a kansa za mu yi magana.

Majalisar Dokoki ta Jihar Kaduna tana da wakilai 34, suna zama a zauren Lugga a Kaduna, ana zaɓensu bayan kowace shekara huɗu. Ikara tana da kujera ɗaya, Maƙarfi ɗaya, Kudan ɗaya. Aikinsu uku ne manya: yin doka, da amincewa da kasafin kuɗin shekara, da bin diddigin yadda aka kashe kuɗin. Watau kuɗin maganin asibitin haihuwa, da na rufin ajin da 'yarki ke zama, da na hanyar da ake fito da rake da tumatir kasuwa, duk sai sun bi ta gabansu.

Kada ku zaci ba su da ƙarfi. A 1979 jama'a suka zaɓi Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya zama Gwamna, amma mafi yawan 'yan Majalisa na NPN ne. Suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, a watan Yuni na 1981 kuma suka tsige shi. Shi ne Gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Sa'an nan a 2020, da kukan iyaye ya yi yawa game da masu lalata yara, Majalisar nan ce ta gyara doka, ta tsananta hukuncin mai yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Ashe kuwa kujerar ta shafi ɗakin kowace uwa.

Ƙuri'ar nan da ke hannunki ma ba a sama aka tsince ta ba. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa suna gida. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan NEPU, ta sha duka da ɗauri sau da yawa domin ta ce mace ma tana da baki a sha'anin mulki. Sai a 1976 aka yarda matan Arewa su yi zaɓe. Ta rasu a 2001, ga asibiti can a Zariya da sunanta. Abin da wata ta shiga kurkuku dominsa, ina dalilin sayar da shi a bakin sabulu? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, askin nan kuwa na shekara huɗu ne.

Saboda haka in mai nema ya yi sallama, ko ya aiko mata wakilansa, a karɓe su da mutunci, a ba su ruwa, sa'an nan a tambaya. In sabo ne, me ya taɓa yi wa garinsu tun bai fara neman kome ba? In ya taɓa zama a kujerar, wane ƙuduri ya kai gaban Majalisa, sau nawa kuma ya dawo ya saurari jama'a? In ya sha faɗuwa yana sake fitowa, wannan ba abin kunya ba ne, amma a duba ko an gan shi tsakanin zaɓe da zaɓe. Wanda ya ce shi da kansa zai gina asibiti ya shimfiɗa kwalta, ku yi hattara da shi, gama wannan aikin Gwamnati ne. Nasa shi ne ya tsaya a sa aikin cikin kasafi, ya kuma bi sawu har a yi. Wadda ba ta fita taro, ta ba mai gida ko ɗanta tambayar ya kai.

Ranar zaɓe takarda biyu za a ba ki, ta Gwamna da ta ɗan Majalisa, kamar yadda aka yi ran 18 ga Maris, 2023. Alamar jam'iyya za ki gani, ba hoton mutum ba, don haka ki san alamar tun daga gida. Ki dangwala yatsa a gurbi ɗaya tak, in ya haura ɗaya ƙuri'a ta lalace. Ba dole ne takardun biyu su tafi jam'iyya ɗaya ba, kuma ba mai ikon leƙa abin da kika zaɓa. In wakili ya ci amana, tsarin mulki ya ba da damar yi masa kiranye, muddin fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe wannan. Da kin cika shekara 18 kin isa yin rajista. Tun 2018 an rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Jiha daga 30 zuwa 25, ilmin da ake bukata kuwa na gama sakandare ne, doka kuma ba ta ce sai namiji ba. A 2019 Dokta Hadiza Balarabe ta zama Mataimakiyar Gwamnan jihar nan. Ku dage da karatu, ku riƙa karanta wa iyayenmu mata abin da ke rubuce a takardun masu nema.

Allah ya ba mu wakilai masu riƙon amana, amin.